Talabijin ɗin Alhaji Sale

An yi wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Alhaji Sale, mai son a san yana da shi, amma ba ya son a roƙe shi. Wata rana ƙanensa Iro ya zo daga ƙauye tare da ɗansa, yana neman rancen kuɗin taki buhu biyu, ga damina ta kawo kai. Alhaji ya yi tagumi, ya ce kasuwa ta mutu, ko sisi bai shiga asusunsa ba tun bayan Sallah. Iro ya yi shiru.

Bayan isha'i, Alhaji ya ga ai ba ta yiwuwa baƙo ya kwana bai ga sabon talabijin ɗinsa ba, Samsung mai inci 65. Ya kira ɗansa Nura, ya miƙa masa waya, ya ce a nuna wa baffansa hotunan Umara.

Nura ya ɗora waya da talabijin a kan Wi-Fi ɗaya, sai ya dakata. Ya ce, Baba, hanya biyu ce: ko a tura hotunan kaɗai, ko a kunna Smart View, duk abin da ke fuskar waya ya fito a bango. Alhaji ya ce cikakken talabijin ya saya, ba rabi ba, a sa duka. Nura ya rage murya, ya ce to bari ya ɓoye saƙonni tukuna. Alhaji ya dubi Iro, ya gyara hula, ya ce shi mutum ne da ba shi da abin ɓoyewa.

Aka ga Ka'aba, aka ga Alhaji da harami, aka ga Alhaji a bakin otal. Ana cikin Madina, sai ga saƙon banki ya sauko daga sama, harafi kamar na allon talla. Iro bai yi boko ba, amma ɗansa yana aji huɗu, kuma malaminsu ya koya musu karatu da ƙarfi. Yaro ya karanta miliyan huɗu, bai ci ko sifiri ɗaya ba.

Alhaji ya yi tari, ya tambayi nawa ne ma kuɗin buhu biyun. Iro ya ce, Yaya, ɗazu kunya ta hana ni ambaton gonar fadama, buhu huɗu ne.