Juriya Ba Ta Fitowa Daga Bulala

A gidaje da yawa, idan aka ce yaro yana da juriya, ana nufin yana shan duka ba ya kuka, ko ya wuni da yunwa bai ce uffan ba. Wannan fahimta ta cuci yara ba kaɗan ba. Yaron da tsoro ya rufe wa baki ɓoye damuwarsa kawai ya koya. Juriyar da ɗan firamare yake bukata ita ce ya faɗi jarrabawar lissafi yau, gobe ya sake ɗaukar fensir ba tare da gwiwarsa ta yi sanyi ba.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan hali. Emmy Werner, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta bibiyi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawai, har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci, ko a gidan da ba a rabuwa da rigima, ko a hannun iyaye mashaya. Yawancin waɗannan sun sha fama a makaranta da bayanta. Amma kashi ɗaya cikin ukunsu sun girma da natsuwa, sun riƙe aiki, sun riƙe iyali. Cikin abubuwan da suka bambanta su da sauran, wanda ya fi fitowa fili shi ne sun sami wani babba da ya tsaya musu tun suna ƙanana: kaka, ko yaya, ko maƙwabci, ko malamin aji. Wahala ba ta gina su ba. Wanda ya riƙe musu hannu a cikin wahalar shi ya gina su.

Harshen babba ma yana da nasa aikin. A 1998 wasu masana, Carol Dweck da Claudia Mueller, suka wallafa binciken da suka yi da 'yan aji biyar. Bayan wani gwaji, sai aka ce wa wasu suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka yaba musu ƙoƙarin da suka yi. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi saurin karaya, wasunsu har ƙarya suka yi game da makinsu. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka dage. In yabo marar kan gado yana iya karya yaro haka, ina ga "daƙiƙi" da "ba za ka taɓa iyawa ba" da ake jefa wa yara a bainar 'yan ajinsu?

Barin yaro ya yi abu da kansa ma yana gina juriya. A Japan, 'yan firamare su ke share ajinsu, su kuma ke raba wa junansu abincin rana. Miya takan zube, a goge, a ci gaba.

Irin wannan dama ce ake ƙwace wa yaro a gida ba tare da an sani ba. Ɗan shekara shida ya durƙusa a bakin ƙofa yana kokawa da igiyar takalmi, ya ɗaura ta kwance, ya sake ɗaurawa, harshensa a waje don himma. Sai uwa ta ce, "Kawo nan, za ka makara!" Cikin ƙauna ta yi, amma ta hana shi jin daɗin nan na "ni na yi da kaina". Makarantar allo ta daɗe da sanin amfanin maimaici: almajiri ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa, kuma ba wanda ke ganin wankewar a matsayin kasawa.

Gaskiya ne malamin da ke gaban yara sama da ɗari a aji guda, kamar yadda ake gani a wasu makarantun gwamnati a Arewa, ba zai iya zama da kowane yaro ba. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma. Amma "sake gwadawa, ka kusa" ba ta cin ko kwabo, kuma ba ta fi zagi tsawo a baki ba.

Iyaye da malamai su ajiye bulala a kan kuskuren karatu. Su bar yaro ya wanke kofinsa, ya shirya jakarsa, ya gyara lissafin da ya ɓata, suna kusa da shi yana ganinsu.