Sabon faifai mai tsohuwar murya: tambaya a kan bege da gaskiya

A watan Afirilu na shekarar 1998, kamfanin Warp na ƙasar Ingila, tare da wani ƙaramin kamfani mai suna Skam, suka fitar da faifan waɗansu makaɗa biyu ƴan ƙasar Sikotilan, Michael Sandison da Marcus Eoin, waɗanda suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Boards of Canada. Sunan faifan Music Has the Right to Children, ma'ana kiɗa yana da haƙƙi a kan yara. Babu mawaƙi a cikinsa, babu baiti, babu amshi. Kiɗa ne na na'ura, irin wanda ake kira mai sanyin tafiya, domin bugunsa bai kai saurin na gidajen rawa ba, inda ganga kan buga sau 120 ko fiye a minti guda. A nan gangar tana tafiya ne kamar ayarin da ya gaji, a bisanta kuma waɗansu siraran sautuka suna lilo, can ƙasa-ƙasa ana jin muryoyin yara, wani yana dariya, wani yana maimaita kalma ɗaya, wata murya tana ƙidayar lambobi har lissafin ya rikice mata.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin wanda ya fara jin faifan shi ne tsufansa. Ranar da ya fito kasuwa ma, sai ka rantse an tono shi ne daga akwatin da ya shekara ashirin a ɗaka. Wannan tsufa kuwa da hannu aka ƙera shi, kuma duk wanda ya yi zamani da kaset ya san yadda abin yake. Zaren kaset yana wucewa ne a kan santimita 4,76 cikin daƙiƙa guda; in injin ya ɗan rage sauri ko ya ƙara, ko zaren ya miƙe saboda zafin rana, sai muryar ta riƙa hawa da sauka kamar ta mai maye. In aka kwafi kaset daga kaset, aka sake kwafa daga kwafin, sautuka masu kaifi su ne suke fara zubewa, shuuu ɗin da ke bayan kiɗan kuma ya ƙaru. Injiniyoyi sun ɓata shekaru suna yaƙi da waɗannan aibobi, har faifan CD ya zo a shekarar 1982 ya kawar da su. Su kuwa waɗannan makaɗa, a ɗakin aikinsu da ke tuddan Pentland kusa da birnin Edinbara, sai suka koma suna neman aibobin da gangan: su kaɗa sabon sauti, su zuba shi a tsohon zare, su sake ɗauka, har ya dusashe ya yi laushi.

Tambayar da wannan aiki ya haifar ta wuce batun kiɗa. A kasuwa, mai saida kaya yakan ɓoye aibi don ya samu riba, kowa kuma ya san sunan wannan ɗabi'a. Akwai kuma wani algus da ya fi shi wayo, na maƙerin da zai zuba sabon tagulla, ya binne shi a ƙasa har ya yi tsatsa, sannan ya tono ya saida wa baƙo a matsayin kayan kakanni. Wannan bai ɓoye aibi ba, ƙara shi ya yi, don ya san da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai masu biyan tsufa da tsada. To, mene ne ya raba makaɗan nan biyu da wannan maƙeri?

Amsar farko mai sauƙi ce, ba ta kuma buƙatar dogon zance. Cinikin maƙerin yana tsaye ne a kan jahilcin mai saye. Ranar da baƙon ya gano shekarun tagullar, cinikin ya warware. Faifan nan kuwa shekararsa tana rubuce a jikinsa, kuma sanin yadda aka yi shi ba ya rage masa komai. (Abin da suka ɓoye wani ne dabam: sai a shekarar 2005 suka bayyana cewa wa ne da ƙane, sun yi shiru ne don kada a riƙa kwatanta su da Orbital, waɗansu ƴan'uwa biyu masu irin wannan sana'a. Wannan ɓoyo bai cuci kowa ba.)

Sai dai ƙarar ba ta mutu a nan ba, domin mai zargi yana iya cewa ƙaryar ba a jikin faifan take ba, a cikin zuciyar mai sauraro ake ƙulla ta. Su makaɗan suna da abin tunawa na gaske. Sun zauna a birnin Kalgari na Kanada tare da iyayensu wajajen 1979 zuwa 1980, kuma sunan ƙungiyarsu daga hukumar fina-finai ta ƙasar Kanada suka aro shi, wadda aka kafa a 1939 a ƙarƙashin John Grierson, shi ma ɗan Sikotilan, wadda kuma fina-finanta na ilimantarwa, a kan daji da dabbobi da duwatsu, suka riƙa kallo suna yara. Amma faifan ya isa kunnuwan mutanen da ba su taɓa taka Kanada ba, ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin fina-finan ba, waɗansu ma ba a haife su ba a lokacin, kuma da yawansu sukan ba da shaida iri ɗaya, cewa kiɗan yana sa su kewar ƙuruciya. Ƙuruciyar wa? In mutum ya zauna yana begen abin da bai taɓa mallaka ba, ashe ba a dasa masa tunanin wani ba ne a cikin kansa, kamar yadda kan sa wa kaza ƙwan zabo ta kwanta a kai?

Wannan zargi ya cancanci a tsaya a kansa, kuma tarihin kalmar da Turawa suke kiran wannan ciwo da ita yana da taimako. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya ƙirƙiro ta a birnin Basel, daga kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da raɗaɗi. A wurinsa cuta ce ta jiki, mai kama ƴan ƙasar Suwis da suka yi nisa da gida, har ta kwantar da su, maganinta kuma a mayar da majinyaci garinsu. Bayan shekara ɗari da goma, a 1798, masanin falsafa Immanuel Kant ya lura da wani abin da likitoci suka tsallake: waɗanda suka koma gida sukan tarar begen bai cika ba, su ce garin ya sauya, alhali abin da suke nema ba ya cikin garin, shekarun yarantarsu ne, su kuwa babu hanyar da ke kai wa gare su. In haka ne, bege ba ya rataye da wani tudu ko wani fim na musamman. Duk wanda ya taɓa zama yaro, ya kuma daina, yana ɗauke da rabonsa. Imam Gazali, a babin da ya keɓe wa sauraro a cikin Ihya'u, ya riga ya kai ga irin wannan ra'ayi ta wata hanya, inda ya nuna cewa sauti ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, abin da ke kwance ne yake tayarwa, kamar yadda ƙyastu ke fitar da wuta daga ƙanƙara.

Saboda haka abin da faifan yake miƙa wa mai sauraro ba tunanin Michael da Marcus ba ne. Siffar tunani ce kawai, fanko, wanda kowa zai cika da nasa. Kuma a nan ne dusashewar nan ta zama gaskiya maimakon ƙarya. A 1932 masanin halayyar ɗan Adam Frederic Bartlett na jami'ar Kambirij ya wallafa gwaje-gwajen da ya yi, inda ya riƙa ba mutane labari su karanta, sannan su maimaita shi bayan kwanaki da watanni. Kowane maimaici yakan gajarta labarin, ya zubar da abin da ya yi wa mai faɗa baƙunta, ya cike giɓi da abin da ya saba. Tuna baya, ashe, kwafin kwafi ne, tamkar kaset ɗin can da aka yi ta juyawa. Hoton da ke bangon faifan ma abin da yake faɗa ke nan: iyali ne a tsaye a wurin yawon buɗe ido, manya da yara, launin ya koɗe ya koma shuɗi-kore, an kuma shafe fuskokinsu duka, babu ido, babu baki. Mutumin da ya haura shekara hamsin, in ya yi ƙoƙarin tuno ƴan ajinsu na farko, yakan ga rigunansu da inda kowa yake zama, amma fuskokin su ƙi zuwa. Kiɗan da zai kawo ƙuruciya tangaram, da kaifinta da haskenta, shi ne zai fi kusa da ƙarya.

Marubuciya Svetlana Boym, a littafinta na shekarar 2001 a kan wannan batu, ta raba bege gida biyu. Akwai mai son ya sake gina jiya daram, yana ganin can ne gaskiya take, kuma wani ne ya sace ta. Irin wannan shi ne ƴan siyasa suke hura wa wuta, domin duk inda aka ce an yi zamanin zinariya, ba a daɗewa sai a nemo wanda za a ɗora wa laifin ɓatansa. Akwai kuma mai zama da kewarsa yana juya ta, ya san abin ya tafi, ya kuma san tunaninsa ba shaida ce mai ƙarfi ba. Hausawa sun san haɗarin na farkon, shi ya sa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sun kuma san amfanin na biyun, da suka kira waiwaye adon tafiya. Faifan nan a gida na biyu yake, hujja kuwa ita ce tsoron da ke cikinsa. Dariyar yaran takan maimaitu har ta daina zama dariya. Muryoyi sukan yanke a tsakiyar kalma. Yarantar da ke ciki ta haɗa da duhun ɗaki, da maganar manya wadda yaro yake ji amma bai gane ba. Mai tallar jiya ba ya saka irin wannan a cikin hajarsa.

Ga malamin makaranta akwai wani abu a nan mai ɗan tayar da hankali. Waɗanda suka shirya fina-finan can nufinsu su koyar da rayuwar tsuntsaye da tafiyar koguna. Abin da ya zauna a kunnen yaran biyu, har ya zama sana'arsu bayan shekara ashirin, shi ne kiɗan da aka shimfiɗa a bayan darasin don cike shiru, da rawar muryar tsohon fim. Ana cewa karatun yaro zane ne a kan dutse, amma ba malami ne kaɗai yake riƙe da abin zanen ba, kuma ba kullum abin da ya nufa ne yake kamawa ba.

Duk da haka, akwai wurin da mai zargi yake da gaskiya, kuma bai kamata a rufe shi da yabo ba. Ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen faifan sunansa Pete Standing Alone. Mai sauraron da bai sani ba zai ɗauka hoto ne kawai na wani yaro da ya tsaya shi kaɗai, ya ji daɗin kaɗaicin, ya wuce. Alhali sunan mutum ne na gaske, ɗan ƙabilar Kainai, ɗaya daga cikin al'ummun asali na lardin Albata. Shi ne saurayin da ya ba da labari a fim ɗin Circle of the Sun na Colin Low, wanda hukumar nan ta fitar a 1960, a kan bikin rawar rana na mutanensa, bikin da dokar Kanada ta taƙure tun 1895, ba a kuma janye taƙurar ba sai 1951. A cikin fim ɗin yana aikin rijiyoyin mai, yana kallon al'adar iyayensa daga gefe, yana shakkar ko za ta ɗore. A waɗannan shekaru kuma, har da shekarun da makaɗan suka yi a Kalgari, gwamnati tana ci gaba da riƙe yaran al'ummun asali a makarantun kwana da aka kafa don raba su da harshensu da al'adunsu. Kimanin yara 150.000 ne suka ratsa waɗannan makarantu, na ƙarshensu ba su rufe ba sai cikin shekarun 1990, kuma sai a 2008 firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a gaban majalisa.

Ba za a ɗora wa yara biyu ƴan Sikotilan alhakin wannan ba, kuma sanya sunan mutum a kan kiɗa yana iya zama girmamawa. Ba mamaki ma waɗansu ta wannan hanya suka fara neman fim ɗin. Amma a nan iyakar kiɗan yanayi ta bayyana. Shafe fuska yana da ma'ana in fuskar ta iyalinka ce, domin kai ne ka manta, kai ne kuma kake shaida mantuwarka. In fuskar ta wani ce, wanda hukuma ta daɗe tana ƙoƙarin shafe shi, to dusashewar tana ɗaukar wani nauyi dabam. Kiɗan da ba shi da kalma yana iya nuna yadda rashi yake a zuciya, amma ba zai iya rarrabe abin da lokaci ya tafi da shi da abin da mutane suka ƙwace ba. Duka biyun yakan mayar da su sanyi ɗaya, mai daɗin ji da daddare, kuma mai sauraro yana iya kwana cikin wannan sanyi ba tare da ya tambayi na wane ne ba.

Colin Low ya koma wurin mutumin, ya sake yin wani fim da shi wanda ya fito a 1982, mai suna Standing Alone. Saurayin da ya taɓa tsayawa a gefen fili yana kallo ya zama magidanci mai kiwon dawaki, ya kuma koma yana koyon al'adun nan daga bakin dattawan da suka rage. Daga baya shi ma ya shiga sahun dattawan da ake zuwa tambaya.