Zinaren Ado da Zinaren Ajiya

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Bichi, inda gonaki suka matse, mata da dama kan adana dukiyarsu a ɗan kunne da sarƙa. Tun a da ma ana rataya liyari, kuɗin azurfar nan mai ɗauke da shekarar 1780, a wuyan amare. Tambayar da malamai ke fuskanta ita ce: yaushe ado ke zama dukiyar da zakka ta hau?

Risala ta Ibn Abi Zaid ta kafa nisabi a dinari 20 ko dirhami 200, wato kusan giram 85 na zinare ko 595 na azurfa, a fitar da ɗaya bisa arba'in bayan shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan abin da mace ke sawa don kwalliya. Amma sarƙar da aka naɗe a tsumma, aka ɓoye a ƙasan adaka don ranar rashin lafiya ko sayen taki, Mukhtasar na Khalil ya sa ta cikin abin da ake fitar wa zakka. Niyyar mai ita ce ke raba hukuncin, kuma wannan adalci ne, domin ajiya dukiya ce.

Wajen ciniki kuwa hukuncin ya fi tsanani. Zinare da zinare sai nauyi ɗaya, hannu da hannu. Ba da tsohuwar sarƙa a karɓi sabuwa da cikon kuɗi riba ce da shari'a ta haramta. Sai a sayar da tsohuwar a karɓi kuɗinta, sannan a sayi sabuwar.