Yawa ko Rabuwa?

Tun zamanin da malaman ƙasar Katsina sun san ilmin hisabi. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace Bakatsine, ya wallafa littafi a kan hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu wannan ilmi ba su duban yawan lamba kaɗai, sai sun bincika halinta, ko cika ce ko mara, da kuma hanyoyin da take rabuwa.

A ƙaddara manomi guda a Kankiya ya tara dami 2,520 na gero, wani kuma a Kusada ya tara 2,521. Wanne ya fi arziki? Mai gaggawa zai ce na Kusada, gama ya ɗara da guda. To, amma a dakata.

Ita 2,520 ana samunta in an buga kwanakin mako 7 da kwanakin wata 30 da watannin shekara 12. Ita ce mafi ƙanƙantar lamba wadda 1 har zuwa 10 duk suke raba ta ba saura. Lambobi 48 ne ke shiga cikinta daidai. Ushirinta na zakka 252. In kuwa gado ne, rabinta 1,260, sulusi 840, rubu'i 630, sudusi 420, tumunin matar mamaci 315. Kowa ya ɗauki nasa, ba a kwance dami ko ɗaya ba.

Amma 2,521 mara ce, kuma tana cikin lambobin nan da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu. A kasa ta biyu, guda ya ragu. A kasa ta uku, ko bakwai, ko goma, guda ɗin nan yana nan. Sau da yawa irin wannan ɗan saura ne ke kai 'yan'uwa gaban alƙali, gero ya ƙare, gaba ba ta ƙare ba.

Wani zai ce laifin me dami ya yi, tun da gumin mai shi ne? Gaskiya ne, yawa ba laifi ba ne, kuma ba a hana mutum nema. Abin tambaya shi ne amfanin dukiya. Gero dai don ci aka noma shi, ba ya kuwa ciyuwa sai an fitar da shi daga rumbu an raba. Dukiyar da ba ta isa ga iyali da maƙwabci da miskini ba, sunanta ajiya, gara da ɓera su ne magadanta.

Maganin kuwa yana hannun na Kusada. In ya miƙa dami guda ga wata gwauruwa, sai abin da ya rage ya zama 2,520, ya rabu ta kowace fuska. Ya rage guda a lissafi, ya sami lada da zaman lafiyar gidansa. Saboda haka mai hankali, in ya ƙidaya abin da ya mallaka, sai ya ƙidaya mutum nawa zai ishe.