Awa Guda a Mako

A farkon watan Satumba na 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka katse layukan waya a jihar Zamfara, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja muna zaune a Furfuri, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, sai muka wayi gari ga kwamfuta a gaba, mun yi tagumi. Shekara da shekaru muna cewa aiki ne ya hana mu addu'a. Ga lokaci ya samu har ya gundure mu, amma carbin Rosari yana nan rataye a ƙusa, mu kuwa muna zagaya tsakar gida da waya a sama, muna neman sabis inda muka san babu. A makonnin nan muka gane cewa hankalinmu ne muka daɗe da jinginar wa waya.

Tun daga nan wata tambaya ta ƙi barinmu: wanda sana'arsa ta ɗaure idonsa a allo daga safe har dare, zai iya raya ruhinsa fiye da zuwa coci ranar Lahadi?

Ikilisiyar Katolika ta ba mu misali daga cikin sana'armu. An haifi Carlo Acutis a Landan a 1991, ya tashi a Milan ta ƙasar Italiya, ya rasu da sankarar jini ranar 12 ga Oktoba 2006 yana ɗan shekara 15. Da kansa ya koyi sarrafa kwamfuta, ya gina shafin intanet da ya tattara mu'ujizai masu alaƙa da Jibin Ubangiji. Ranar 7 ga Satumba 2025 Fafaroma Leo na 14 ya ayyana shi waliyyi. Shafin bai fi ƙarfinmu ba, da yawanmu za mu iya gina irinsa. Abin da ya gagare mu shi ne ƙa'idar da ya sa wa kansa: yaro mai son wasan kwamfuta, amma ya taƙaita shi zuwa awa guda a mako, kuma kullum sai ya je Mas.

Wani zai ce ai ba a haɗa gudu da susar gindi, kuma ba a haɗa Milan da Furfuri. Carlo ɗan masu hali ne, coci na kusa da gidansu, ba wanda zai tare shi a hanya. Mu 'yan tsiraru ne, sai mun shiga Gusau muke samun Mas a cocin Our Lady of Fatima, wani lokacin ma sai mun ji labarin hanya kafin mu fita. Allon da Carlo ya yi wasa da shi, mu da shi muke ciyar da iyali. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce mu kwafi rayuwar Carlo kamar yadda take ya ɗora mana kayan da ba namu ba.

Sai dai abu guda bai dogara da gari ba. Carlo shi ya yanke wa na'ura rabonta, bai bari ita ta yanke masa ba. Wannan kuwa muna ganinsa kullum a ƙofar gida. Maƙwabtanmu Musulmi, da an kira salla, tela ya ɗaga ƙafa daga keke, mai shago ya bar ciniki. Mu ma muna da namu gadon: addu'ar Anjelus, mai tuna saƙon da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu, ƙarfe shida na safe, sha biyun rana da shida na yamma. Ba ta wuce minti uku, ba ta bukatar data ko kuɗin mota. Ba za ta maye gurbin Mas ba, amma tana hana mako ya wuce fayau.

Sana'armu ta koya mana cewa manhaja ba ta mutuwa rana ɗaya. Ƙananan kurakurai ne ake ɗagawa zuwa gobe, su taru har ta ƙi tashi. Haka zuciya take. Shi ya sa binciken lamiri kafin barci ya fi mana amfani da alwashin da muke ɗauka a farkon Azumi mu manta kafin Ista.

Akwai kuma ma'auni. Carlo yakan sayi abin kwanciya da kuɗin aljihunsa ya kai wa masu kwana a titi. Mu a Gusau muna wuce mata da yaran da hare-hare suka koro daga ƙauyuka. Idan addu'armu ba ta sa mun tsaya mun tambayi sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba, to da saura.

Sabis ya daɗe da dawowa, uzurinmu ma ya dawo tare da shi. Abin da muka iya zuwa yanzu kaɗan ne: da sha biyu ta buga mu kife waya, mu miƙe tsaye. Wasu ranakun mukan cika, wasu mu makara, kashegari mu sake.