Ƙaddara da Birkin Babur

Idan ɗan acaɓa ya kawo Boxer garejina na kwance birki, sau da yawa nakan tarar gefe ɗaya ya cinye har ƙarfe, ɗayan da sauransa. Ƙura ta shiga, giris ya bushe, sandar da ke buɗe birkin ta cije. In ce a canja, sai in ji: "Maigida, abin da Allah ya rubuta ba makawa."

Na yi imani da ƙaddara. Amma kukan da birki ke yi kwanaki kafin ya ƙi kamawa, wa ya jiyar da kai shi? Ai shi ma cikin rubutun yake. Matar da ka goya da jaririnta fa, ka tambaye ta ko ta yarda da wannan tawakkalin naka?