ƘOFAR DA BA MU RUFEWA DA DARE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, a nan Kurugu mun taso mun ga iyayenmu, da an idar da sallar Isha'i an ɗan taɓa hira, sai maigida ya tashi ya rufe ƙofar zaure. Yau ma ana rufe ta, amma akwai wata da ke kwana a buɗe: intanet ɗin da ke cikin ɗakunanmu.

Ni kaina abin ya same ni. Na sayo rauta a kasuwar Farm Centre ta Kano saboda nazari da tura darussa. Ba a yi wata biyu ba, ƙanina da ke hannuna, wanda a da yakan riga ladan zuwa masallaci, ya fara makara sallar Asuba. Wani dare wajen ƙarfe biyu na fito, sai na hango hasken waya a ɗakinsa. Liman yana can yana yi wa jama'a wa'azi, ashe gobara na ci a gidansa!

Musulunci bai bar dare sakaka ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barzata Al-Aslami (RA) cewa Annabi (SAW) ya kasance ba ya son barci kafin Isha'i, da hira bayanta. Malamai suka ce daga cikin hikimar akwai tsoron rasa Asuba, suka togace hirar ilimi da ta baƙo da ta iyali. To ina ga hira da waya har kiran assalatu?

Ga abin da na yi. A jikin rautar akwai adireshinta, irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, da kalmar sirri. Ka rubuta shi a burauzar wayarka ka shiga, ka fara da canja kalmar sirrin. Sai ka nemi sashen Parental Control, za ka ga jerin wayoyin da ke haɗe. Ka zaɓi waya, ka sa mata lokaci. Ni na sa ta yanke daga 9:30 na dare zuwa 6:30 na safe. Ka tabbata agogon rautar yana kan lokacin Najeriya. Sabbin wayoyi suna iya canja lambarsu ta MAC su dawo kamar baƙi, don haka ka bai wa wayoyin da ka sani kaɗai izinin shiga. In ƙaramar MiFi ce marar wannan sashe, kashe ta ka kwana da ita.

Amma fa rauta ba ta da iko da yaron da ke da data a layinsa. Shi ya sa na zaunar da shi, na yi masa bayani. Ya yi shiru, can ya ce: "Yaya, taka wayar fa?" Wallahi kunya ta kama ni. A gabansa na sa tawa a jerin. Dokar da maigida ya cire kansa daga cikinta ba ta daɗewa.

Yanzu tare muke fita Asuba, alhamdu lillah. Kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yafe mana sakacinmu. Wallahu a'alam.